Nasiha ga Ɗaliban Aikin Jinya: Ku San Dashen Sassan Jiki Tun Kafin A Tambaye Ku

 Akwai wani babi a karatunku da ɗalibai kan ɗauka na manyan likitocin tiyata ne, a haddace ma'anarsa don jarrabawa, a rufe littafi. Babin shi ne bayar da sassan jiki da dasa su a jikin wani. Ina roƙonku ku sake buɗe shi, ku karanta shi karatun wanda za a tsare da tambaya, domin tabbas za a tsare ku.

Kun dai ga yadda zagayen safe yake a asibitocinmu. Likita zai tsaya a kan majinyaci na 'yan mintuna, ya ce ƙodojin sun gaza, sai wanki ko dashe, ya wuce gado na gaba. 'Yan'uwa ba za su ce masa uffan ba saboda kwarjini. Sai dare ya yi, ɗaki ya yi tsit, uwa ko matar majinyacin ta lallaɓo wurin mai aikin dare ta ce, "Sista, don Allah in yaron nan ya ba da ƙodarsa zai iya haihuwa?" Wani ya ce, "Malam, wai wanda ya bayar ba ya daɗewa a duniya?" Wani kuma abin da ya dame shi ko Musulunci ya yarda. Abin da ya fito daga bakinku a wannan lokaci shi iyali za su tafi da shi gida, su yanke shawara a kansa. In kun faɗi daidai, kun taimaki rai biyu, na majinyaci da na mai bayarwa. In kun faɗi jita-jitar unguwa alhali kuna sanye da farin kaya, to kun sa mata hatimin asibiti.

Shi wannan ilimi bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1954 ne likita Joseph Murray da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka yi dashen ƙoda na farko da ya ɗore, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, kuma kamar tasu ce ta sa jiki bai ƙi ƙodar ba. A watan Disamba na 1967 Christiaan Barnard ya dasa zuciya a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town a Afirka ta Kudu, majinyacin ya rayu kwana 18. Abin da ya riƙa kayar da likitocin wancan zamani shi ne garkuwar jiki, har sai da maganin saikulosforin ya shigo a farkon shekarun 1980, dashe ya zama magani na yau da kullum. A Nijeriya an yi dashen ƙoda na farko a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, sannan a 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen ɓargo ga mai ciwon sikila. Ke nan maganar ta daɗe da shigowa gidanmu. Wanda kuma ya san halin da ake ciki da ciwon ƙoda a yankin Gashuwa da Haɗeja, ko ya ga layin masu jiran wanki a manyan asibitoci, ya san cewa duk inda aka tura ku aiki za ku tarar da wannan magana tana jiranku.

Abu na farko da ya kamata ya zauna muku shi ne bambancin wanki da dashe. Wankin ƙoda aro ne na aikin ƙoda: na'ura ta tace jini na kimanin awa huɗu, sau uku a mako in za a bi ƙa'ida. Mutanenmu da yawa ba sa iya biyan sau ukun, sai su koma sau ɗaya, ko sai jiki ya kumbura numfashi ya yi wuya. Dashe kuwa yana mayar wa mutum ƙoda mai aiki dare da rana, ya koma gona ko kasuwa ko ofis, amma da sharaɗin shan magani muddin ƙodar tana jikinsa. A yawancin lokuta ba a cire tsofaffin ƙodojin, ana ɗora sabuwar ce a ƙasan ciki, gefen mara, a haɗa ta da jijiyoyin jini da mafitsara. Ku san wannan, domin majinyaci zai tambaye ku me ya sa aka yanka shi a gaba alhali ƙoda a baya take.

Abu na biyu shi ne dacewa. Garkuwar jiki kamar dogarin ƙofar gari take, duk baƙon da ba ta sani ba za ta tare shi, ko da alheri ya zo da shi. Saboda haka ake duba rukunin jini: mai O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa, mai A da mai B kowa da nasa da kuma O. Ana duba alamomin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, sannan a gauraya jinin mai karɓa da ƙwayoyin jinin mai bayarwa a ga ko za su yi faɗa. Wannan ne ya sa ake fara dubawa a cikin dangi, ko da yake miji ko mata ko aboki ma suna iya dacewa. Shi mai bayarwa ana yi masa bincike daga sama har ƙasa: hawan jini, suga, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, hoton ƙodojin biyu da ƙarfin aikinsu. Duk wanda aka ga cirewar za ta cutar da shi, ana dakatar da shi komai son da yake yi ya bayar.

Ga amsar tambayoyin da za a fi yi muku. Mutum lafiyayye yana rayuwa da ƙoda ɗaya, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin da biyun suke yi. Ba da ƙoda ba ya hana namiji kusantar iyali, ba ya hana haihuwa. Mace tana iya ɗaukar ciki bayan ta warke, sai dai haɗarin hawan jini na lokacin ciki yana ɗan ƙaruwa, don haka awonta yana bukatar kulawa. Amma kada ku ce wa kowa babu haɗari. Tiyata ce babba, akwai ciwo, akwai makonnin jinya, kuma a ƙasashen da ke adana alƙaluma an ga cewa kimanin mutum 3 cikin 10,000 na masu bayarwa kan rasu sanadiyyar aikin. Bayan haka wajibi ne ya riƙa awon jini da fitsari da duba hawan jini har ƙarshen rayuwarsa. Hanta kuwa ana yankar wani yanki nata daga mai rai, ta sake tofowa cikin 'yan watanni, sai dai haɗarin aikinta ya fi na ƙoda. Ɓargo da jini jiki ne ke mayar da su da kansa.

Yanzu ku ba ni hankalinku sosai, domin nan ne inda na fi ji muku. A duk asibiti, mai ba da sashen jikinsa shi kaɗai ne yake shiga ɗakin tiyata da ƙoshin lafiyarsa, a yanka shi ba don amfanin jikinsa ba. Abin da ya halatta wannan yanka shi ne yardarsa, kuma a al'adarmu yarda abu ce mai wuyar ganewa. Mu mutane ne masu kunya da kara. Ɗa ba ya kallon idon mahaifinsa ya ce a'a. Matar da dangin miji suka zagaye, ana cewa ai yau ce ranar da za a san ko tana ƙaunarsa, za ta sunkuyar da kai ta sa hannu. Ƙanin da wansa ya ɗauki nauyin karatunsa zai ji in ya ƙi ya zama butulu. Likita yana iya tambaya a gaban kowa, "Ka yarda?" a ce "Na yarda," a rubuta. Ku ne za ku ga wanda ya kasa barci a daren tiyata, ku ga wadda take kuka a banɗaki, ku lura cewa duk tambayar da aka yi wa yaron sai kawunsa ya amsa.

In kun ga haka, ku nemi zama da mai bayarwa shi kaɗai, da harshen da yake ji, ba ta bakin wanda ya kawo shi ba. Ku ce ya faɗa muku da bakinsa abin da ya fahimta za a yi masa. Ku sanar da shi cewa yana da ikon fasawa har zuwa ƙofar ɗakin tiyata, kuma sirrinsa a rufe yake, masu aikin dashe sun san yadda za su shaida wa dangi cewa ba za a yi da shi ba, ba tare da an tona dalilinsa ba. Sannan ku kai maganar ga shugabar ɗaki da likitan da ke da alhakin aikin, ku rubuta abin da kuka gani. Shirun mai kunya ba izini ba ne. Mai yiwuwa dangi su ji haushinku a ranar, amma ƙodar da aka karɓa bisa tilas takan bar ƙulli a zuciya wanda zumunci ba ya warkewa daga gare shi.

Bayan matsin dangi akwai matsin talauci, kuma shi ya fi muni. Kun ji labarin tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, wanda kotu a Landan ta same shi da laifi a 2023 tare da matarsa da wani likita, bisa kai wani matashi mai talla a titunan Legas zuwa Ingila don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsu. An yanke wa Ekweremadu ɗaurin shekara 9 da wata 8. Babu mai musun cewa ciwon ɗa yana gigita iyaye. Amma darasin da ke cikin labarin dominku shi ne, an gabatar da matashin a matsayin ɗan'uwa, kuma abin da ya fara tsayar da aikin shi ne wani likita a asibitin Royal Free da ya zauna da shi, ya lura bai fahimci abin da za a yi masa ba. Ma'aikacin lafiya ɗaya mai lura ya isa ya tsare rai. A nan gida dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki, ta wajabta yardar mai bayarwa, ta kuma hana cire sashen da jiki ba ya mayarwa daga wanda bai kai shekara 18 ba. Sanarwar Istanbul ta 2008, wadda masana dashe na duniya suka amince da ita, ita ma ta yi tir da fataucin sassan jiki. Wata rana za a kawo muku yaron gida ko ɗan ci-rani a ce ɗan baffa ne, shi kuwa ko sunan kakan majinyacin bai sani ba. Wata rana kuma wani zai ja ku gefe ya ce in kun samo masa mai bayarwa akwai naku kason. Ranar da kuka karɓi wannan kuɗi kun tashi daga ma'aikatan jinya kun koma dillalan mutane.

Sai maganar addini, wadda babu makawa za a yi muku. Ba aikinku ba ne ba da fatawa, amma aikinku ne ku san cewa malamai sun zauna a kan mas'alar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami a Makka ta halatta dashe bisa sharuɗɗa a 1985. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashe daga mai rai matuƙar rayuwarsa ba ta rataya a kansa ba, kamar yadda ta rataya a kan zuciya, ta halatta ɗauka daga mamaci in ya ba da izini kafin rasuwarsa ko magadansa sun bayar, ta kuma hana ciniki. Hujjarsu ita ce girman ladan ceton rai da kuma hukuncin lalura. Akwai malaman da ba su yarda ba, daga cikinsu har da Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi na Masar, bisa cewa jiki mallakar Allah ne, ɗan'adam riƙon amana aka ba shi, kuma gawa tana da alfarma irin ta mai rai. Ku faɗi ɓangarorin biyu da gaskiya, ku bar mutum ya koma wurin malamin da ya amince da iliminsa. Majinyatanku Kiristoci su ma ku san cewa manyan majami'u, har da cocin Katolika, suna ɗaukar bayar da sashen jiki kyauta a matsayin aikin jinƙai. Kada ku cusa wa kowa ra'ayinku, ko na goyon baya ko na ƙi.

Kusan duk dashen da ake yi a Nijeriya daga masu rai ake ɗauka, amma dole ku san ɗaya hanyar, wato ɗauka daga mamaci, domin wasunku za su yi aiki a Saudiyya ko Ingila, kuma ƙasarmu ma ba za ta dawwama a haka ba. A can mamaci ɗaya kan ceci har mutum takwas da zuciyarsa da huhunsa da hantarsa da ƙodojinsa da sauransu, fatar baƙin idonsa kuma ta buɗe idon makaho. Lokaci ne ke mulki a wannan aiki: zuciya ba ta wuce awa huɗu zuwa shida a wajen jiki, ƙoda kuwa tana iya kaiwa yini guda ko fiye a cikin sanyi. Sifaniya ta daɗe a sahun gaba a duniya, kuma sirrinta tun da ta kafa hukumarta ta dashe a 1989 shi ne ajiye ƙwararrun ma'aikata, likitoci da nas-nas, a cikin asibitoci, waɗanda aka koya musu yadda ake magana da iyalan da ke cikin makoki. A Ingila ma nas-nas ne na musamman ke riƙe da wannan aiki.

A nan ne za ku gamu da kalmar mutuwar ƙwaƙwalwa, kuma kada ku taɓa rikita ta da doguwar suma. Mai doguwar suma ƙwaƙwalwarsa tana da sauran aiki, yana iya farfaɗowa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu kuwa tushenta ya daina aiki har abada: ƙwayar idonsa ba ta motsi da haske, ba ya tari in an taɓa maƙogwaronsa, in an cire na'ura ba ya jan numfashi da kansa. Ba a yanke wannan hukunci sai an tabbatar ba maganin barci ko tsananin sanyin jiki ne ya kawo alamun ba, kuma likitocin da ke yanke shi ba su da hannu a aikin dashe. Malamai ma sun saɓa: zaman majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 ya ɗauke ta mutuwa a shari'a, majalisar Makka kuwa a 1987 ta yarda a cire na'ura amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. In nas ta ce wa uwa ɗanta mai suma ya riga ya tafi, ta yi ɓarna. In ta ce wa uwar wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu zai tashi, ta rataya mata begen da zai sa a sayar da gida da gona a banza.

Bayan an fito daga tiyata, ƙodar tana hannunku. Awon fitsari kowace awa, lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita, nauyin jiki kowace safiya, wankin hannu kafin a taɓa majinyacin da aka danne garkuwarsa, waɗannan su ke raba ƙodar da za ta zauna da wadda za ta lalace. Ku san alamun ƙin karɓa: raguwar fitsari, kumburi, zazzaɓi, ciwo a wurin dashen, hauhawar kiriyatinin a jini. Ku san magungunan, irin su takrolimus da maikofenolet da firednisolon, ku san cewa takrolimus yana son lokacinsa daidai kuma ana auna yawansa a jini. Maganin tarin fuka na rifamfisin yana rage ƙarfinsa, saboda haka duk mai dashen da aka sa wa maganin tarin fuka sai likitan ƙodarsa ya sani. Ku gargaɗe shi game da magungunan ciwon jiki na kemis irin su daiklofenak, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ku ce ya kwana a gidan sauro, kuma kada ya ɗauki azumi sai ya shawarci likitansa. Sannan tun kafin a yi aikin ku gaya wa iyali gaskiya cewa kuɗin magani na kowane wata ba ya yankewa. Ƙodoji da dama sun lalace ne saboda an haɗa kuɗin tiyata da gudummawa, aka manta da kuɗin shekarun da ke tafe, sadaukarwar ɗan'uwa ta tafi a banza.

Kada kuma ku manta cewa rigakafi ya fi magani. Hawan jini da ciwon suga suna kan gaba a abubuwan da ke kashe ƙoda, kuma sukan yi shekaru suna cin ta ba tare da wani ciwo ba. Duk wanda kuka auna wa jini a asibitin ƙauye kuka shawo kansa ya dage da magani, wataƙila kun raba shi da injin wanki.

Saboda haka, ƙannena, in an tura ku sanin makamar aiki, ku roƙi a kai ku sashen ƙoda, ku zauna da masu wanki ku saurare su. Ku tambayi malamanku abin da ya shige muku duhu, matambayi ba ya ɓata. Ku karanta dokar lafiya ta ƙasarku da idonku. Ku koyi faɗin waɗannan bayanai da Hausar da tsohuwa za ta gane, domin ilimin da ya maƙale a Turanci bai kai ga mai bukatarsa ba. Ranar da aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce bari in tambayo, ku je ku tambayo, ku dawo da amsa. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa hannuwanku su zama sanadin waraka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.